Kumandan da Dutsen Gambo

Wata huɗu kacal Gambo ya yi a kudu, amma ya dawo Dumega da labarin da zai ishi mutum shekara goma. A fadar shayi ta bakin tasha cewa yake a Kwatano ya zauna, dab da teku, yana kula da gidan kifin wani Basine, mutumin ƙasar Sin. Matarsa Kaltume kuwa ta san iyakarsa Malanbil, inda ya yi dakon buhunan albasa har kafaɗarsa ta yi kanta. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ita mace ce mai ajiye magana sai ranar da za ta yi amfani.

Duk tsarabar da ya shigo da ita gida kwalbar mayonez ce guda, da wani ɗan kifi a ciki wanda bai kai tsawon yatsa ba. Ja ne jawur, wutsiyarsa baza-baza kamar an yafa masa mayafin amarya. A bakin gadar Malanbil ya saye shi wurin wani mai talla, wanda ya ce masa sunansa beta, kifin faɗa ne. Gambo ya raɗa masa Kumandan. Kullum da la'asar sai ya ɗauko kwalbar zuwa fada, ya kanga masa ɗan madubi. Kifin na ganin kansa sai ya buɗe kunnuwa, ya baza wutsiya, ya yi ta kai wa gilas hari. Gambo ya riƙa rantsuwa cewa daga nan har Gaya babu kifin da zai yi minti ɗaya a gaban Kumandan.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wani proje zai yashe tabkin gabas da gari, a zuba kifi, ƙungiyar mata masu garka, wato lambu, ta riƙa amfana. Ana neman mutum ɗaya wanda ya san kifi ya shugabanci aikin, kuma za a ba shi moto sabuwa, wato babur. Ranar Alhamis ta sama wakilin projen, wani Jibrilla, zai zo daga Tibiri ya ga masu so.

Tun daga ranar Gambo ya daina ganin komai sai moton nan. Ya fitar da tarkacen da ke zaure, ya share wuri, har ya kafa ƙusa a bango inda zai riƙa rataye makulli. Ya sayi baƙin tabarau. Ya gaya wa ƴan fada su fara sabawa da tafiya ƙasa in sun gan shi, don ba kowa zai riƙa ɗauka ba. Da wani ya tambaye shi takardar shaidar aikin da ya yi wa Basine, sai ya ce takarda ta masu ƙarya ce, shi aiki zai nuna. Zai gina wa Kumandan gida irin na Turai: rabi tudu, rabi ruwa, da dutse da tsirrai, duk a cikin gilas.

A salula ya ga abin. Bidiyon na minti ashirin ne, cikin wani yare da ko gaisuwarsa bai sani ba, kuma a minti na uku rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Amma Gambo ya ce ya gane sauran.

Gilas ne matsala ta farko, kuma gilas ɗaya ne a gidan: akwatin da Kaltume take jera fanke da cincin a ƙofar lakkwal, makarantar bokon garin. Ta hana. Ya roƙa, ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo, sannan ya yi mata alkawarin ita zai fara goyawa ranar da moto ta zo. Kaltume ta dube shi. Ita ta iya moto tun tana budurwa, a kan ta wanta ta koya, kuma ita ce mai rubuta wa ƙungiyar matan takardunsu tunda ta yi lakkwal har kolej. Ta kwashe fankenta ta zuba a tire, ta ce masa kawai in akwatin ya fashe to kada ya ce ba ta faɗa ba.

Ya kwantar da akwatin ya liƙe gefunansa da kakin kyandir. Ya zuba ruwa. Kafin ya miƙe tsaye ruwan ya riga shi fita, ya bi tabarma ya shige ƙarƙashin buhun gero. Ya sake liƙewa da gam ɗin faci, yatsunsa biyu suka manne da murfin, sai da Kaltume ta jiƙa su da kananzir. A karo na uku wani mai gyaran gilasan mota ya ji tausayinsa ya shafa masa abin da ya dace, akwati ya riƙe ruwa. Da yamma a fada Gambo ya ce dama gwaji yake yi, haka ake yi a Kwatano.

Sai shuka. Ya tara rairayi a gefe ɗaya, ya tsinko na'ana'ar da Kaltume ke dasawa a tsohon bokiti, ya haɗa da albasa biyu da ɗan zogale. Daga nan manomin da ke cikinsa ya motsa. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san shuka ba ta yi sai da taki. Ya nufi rugar Idi, Bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonar Gambo kowane rani. Idi ya tambaye shi amalanke nawa yake so. Gambo ya ce ƙwarya ɗaya. Idi ya dubi ƙwaryar, sannan ya ce shi dai shekararsa hamsin bai taɓa ganin gonar da ta ƙoshi da ƙwarya ɗaya ba, amma Allah ya sa albarka.

Gambo ya binne takin a ƙarƙashin rairayi, ya cika ruwa, ya juye Kumandan. Kafin azahar ruwan ya koma kalar jiƙo, ɗakin ya ɗauki warin garke, ƙudan unguwa suka taru kamar an yi musu gayya. Kumandan ya taso sama yana haɗiyar iska, wutsiyar nan ta amarya ta yi laƙwas. Gambo na tsaye yana bayani cewa kifin yana sabawa ne da yanayi. Kaltume ba ta tsaya jin ƙarshen bayanin ba, ta sa ludayi ta kwashe kifin ta jefa a randa.

Ba wanda ya tuna da zancen sai washegari, da Idi ya biyo da nono ya nemi ruwan sha. Gambo da kansa ya ɗebo masa a moɗa. Idi ya kai baki, ya ga wani jan abu ya buɗe masa kunnuwa yana shirin faɗa. Ya sauke moɗar a hankali.

"Gambo, ruwa nic ce, ba miya ba."

Kafin la'asar labarin ya zaga kasuwa. Mata masu zuwa sayen fanke suka riƙa tambayar Kaltume ko gidansu yanzu da nama ake shan ruwa.

Gambo ya wanke akwatin, ya sake dasa wasu tsirran ba taki, ya fitar da shi tsakar gida ya sha hantsi, ya shiga wanka. Akuyar Kaltume ta zo ta duba aikin, ta ga ya yi. Ta cinye na'ana'ar da zogalen, ta bar albasar, ta kora da rabin ruwan. Da ta ɗora ƙafa don ta kai ga sauran, tudun rairayin ya zube gaba ɗaya ya kwanta a ƙasan akwatin. Gambo ya fito da kumfa a kunne ya tarar da gonarsa ta koma fili.

Ranar Talata ke nan, saura kwana biyu. A nan tsoro ya fara kama shi da gaske, don ya cika baki a gaban mutane da yawa, kuma ƙusar nan ta zaure tana kallonsa duk lokacin da ya wuce. Ya zauna ya yi tunani, abin da ba ya yawan yi, ya gano rairayi ne ya ci amanarsa. Laka ake bukata, mai tauri, wadda za ta tsaya kamar dutsen da ya gani a bidiyo. Ya saɓa gatari ya nufi tabki.

Bazara ce, tabkin ya ƙafe ƙaf, ƙasarsa ta tsattsage. A tsakiya ya tarar da Gwaggo Sa'a, shugabar matan garka, da wasu mata uku suna haƙar gaiwa. Sana'arta ce tun kafin a haifi Gambo. Ita gaiwa in ruwa ya janye ba ta mutuwa. Sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta bar ɗan huji ƙarami na shan iska, ta yi barci har damina ta jiƙa ta. Gwaggo Sa'a tana tafe tana duban ƙasa, in ta ga hujin sai ta tsuguna ta haƙa. Duk yaron da ya tashi a Dumega ya san wannan. Gambo ma ya sani, kafin ya je Kwatano.

Ya gaishe su sama-sama, ya wuce gefe ya fara sara. Can ya ɓamɓaro wani ƙaton hoge, ya kai girman tulu, mai ƙwanƙwasa da kwari kamar an sassaƙa. A gefensa har da ɗan rami. Gambo ya ji daɗi ya rufe shi, ya ce ga dutse ga kogo, Kumandan ya sami ɗakin kwana.

Gwaggo Sa'a ta matso tana dogara sandarta. Ta dubi hogen, ta dubi ramin, ta dubi Gambo.

"Ɗana, hwasa shi tukuna ka duba cikinai. Ba a kai lakat tabki gida ba a hwasa ba."

"Gwaggo, wanga aikin ilimi na. Akwariyom aka ce mishi. In na hwasa shi, mi za ni aza ma kihina?"

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya tare ta. Ya ce ai matsalar garin nan ke nan, mutane sun tsufa a kan gaiwa, kifin da ko ƙaya ta kirki ba shi da ita, mummuna mai kama da maciji, abincin waɗanda ba su taɓa ganin teku ba. Ya ce in ya hau kujerar proje zai koya musu kifi na gaske, su huta da tonon ƙasa kamar kurege. Matan nan uku suka tsayar da aiki. Ɗaya ta yunƙura za ta yi magana, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Ku bar shi. Allah shi ba da sa'a, ɗana. Ranar Alhamis muna tahe."

Har taimaka masa ta yi ya ɗora hogen a ka, ta ce ya yi a hankali kada ya girgiza shi da yawa.

Ranar Laraba ya wuni yana aiki. Ya zaunar da hogen a gefe ɗaya na akwatin, ya dasa na'ana'a a kansa, ya liƙa ciyawar bakin rijiya a jikinsa, ya shimfiɗa fararen tsakuwa a ƙasa. Da la'asar ya zuba ruwan da ya kwana a randa har ya kai rabin dutsen, ya saki Kumandan, ya ɗaure akuya da igiya biyu. Gaskiya ita ce abin ya yi kyau. Kaltume kanta ta tsaya ta duba, kuma ba ta ce komai ba, wanda a wurinta yabo ne. Gambo ya yi ta zagaya akwatin yana gyara tsayuwar da zai yi gobe.

Alhamis da hantsi aka fito da akwatin ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida, aka ɗora a tebur. Ƴan fada suka zo, Idi ya zo da sandarsa a kafaɗa, matan garka suka zo da kujerunsu, Gwaggo Sa'a ta zauna a gaba. Jibrilla ya sauko daga motar proje da littafi a hannu, ga moton sabuwa ɗaure a bayan motar, ko ledar sirdinta ba a cire ba. Gambo ya dube ta sau ɗaya ya gyara tsayuwa.

Ya sa tabarau ya fara jawabi. Ya yi bayanin tudu, ya yi bayanin ruwa, ya kawo Basine ya mayar, ya jefa Faransanci inda ya samu wuri. Jibrilla ya sunkuya ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce bon, aikin ya yi tsabta, har ya rubuta wani abu. Ya tambaya me ya sa ruwan ya ɗan yi duhu ta wajen dutsen. Gambo ya ce da gangan ne, inuwa ce aka yi wa kifi.

Sai wani kumfa ya taso daga kogon. Bul. Gambo ya ce dutsen ne ke numfashi, alamar ƙasa mai rai. Wani kumfan ya biyo baya, sannan gefen dutsen ya saki, ya zame cikin ruwa da na'ana'arsa. Daga cikin lakar wani abu mai launin toka ya miƙo, mai kaurin muciya, yana lanƙwasa a hankali.

Jibrilla ya tambayi mene ne wancan. Gambo ya ce saiwa ce. Idi ya ce shi bai taɓa ganin saiwa mai ido ba.

Gaiwa ce, ta kai taƙi biyu. Ta warware jikinta daga barcin wata biyar, ta taso sama ta shaƙi iska, ta koma ta kwanta a kan fararen tsakuwan nan kamar don ita aka shimfiɗa. Matan garka suka fara rufe baki da mayafi. Gwaggo Sa'a ko murmushi ba ta yi ba, goronta kawai take tauna.

Da mai hankali ne, nan zai sa ludayi ya ceci kifinsa. Kaltume ma har ta juya za ta ɗauko. Amma Gambo ya dubi Jibrilla, ya dubi moto, ya dubi ƴan fada da ya daɗe yana yi wa rantsuwa, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ku tsaya, kowa shi natsu. Ni nis saka ta da hannuna. So nike ku gani da idonku bambancin kihin ƙauye da kihin Kwatano."

Kumandan, Allah sarki, shi bai san ƙarya ake yi da sunansa ba. Ya ga baƙo a gidansa, ya yi abin da ya saba yi wa madubi. Ya buɗe kunnuwa, ya baza wutsiya, ya taho gadan-gadan har gaban hancinta ya tsaya yana rawa. Ƴan fada suka fara tafi. Gambo ya ce a duba agogo, minti ɗaya ya ce.

Ba a kai minti ɗayan ba. Gaiwar ta buɗe baki kamar mai hamma, ta rufe. Wani ɗan jan zare ya rage a gefen bakinta, shi ma ta ja shi ciki.

Idi ne ya fara magana, ya ce lalle an ga bambanci.

Gambo ya yi kukan kura ya cusa hannu cikin akwatin, wai zai matse ta ta amayo Kumandan. Wanda ya san gaiwa ba ya kai mata yatsa, kuma ita wannan yunwar wata biyar take ji. Ta kama ɗan alinsa ta riƙe. Ya ƙwala ihu ya fizgo hannu, gwiwarsa ta daki tebur, akwatin fanken Kaltume ya tafi ƙasa ya tarwatse. Ruwan laka ya wanke takalman Jibrilla da wandonsa har gwiwa. Tabarau ya faɗi, Gambo ya taka shi da kansa yana tsalle. Gaiwar ta saki yatsan ta kama hanyar kwata, mutane suna darewa.

Gwaggo Sa'a ta miƙe ba gaggawa. Ta sunkuya ta dafe ta a bayan kai da yatsu uku, ta ɗaga, gaiwar ta yi laƙwas kamar ta gane mai ita. Jibrilla yana matse wandonsa ya tambaye ta yaya aka yi kifi ya shiga cikin dutse. Ta gaya masa. Ya sake tambaya, ta sake amsawa: inda ruwan tabkin yake fara janyewa, inda yake daɗewa, watan da tarwaɗa ke ƙwai, gefen da shanu ke sha wanda bai kamata a yashe ba. Jibrilla ya juya sabon shafi, ya yi ta rubutu har ya manta da jiƙaƙƙen wandonsa. Can ya ɗago ya tambayi Gambo a wace unguwa ta Kwatano gidan kifin Basinen yake, don shi ma ya yi karatu a can shekara biyu.

Gambo ya tsotsi yatsansa yana neman sunan unguwa. Kaltume tana tsugune tana tsince gilasan akwatinta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Unguwar ƴan albasa ta, Mushe Jibrilla. Malanbil, bayan tasha."

Dariyar da aka yi a ƙofar gidan nan har masu awo a kasuwa sun ji ta.

Gwaggo Sa'a aka rubuta. Ta ce ita ba ta iya hawan moto ba, kuma ba ta da niyyar koya da tsufanta, sai dai a ba sakatariyar ƙungiya ta riƙa kai ta tana dawo da ita. Jibrilla ya tambayi wace ce sakatariyar. Kaltume ta share hannunta a zane ta karɓi makulli. Kafin a watse Gwaggo ta miƙa wa Gambo gaiwar, ta ce al'adar tabki ce, wanda ya haƙo shi ke da ita, ba za ta ci haƙƙinsa ba.

Da yamma Kaltume ta yi miyarta da yaji da daddawa. Gambo ya ce ba zai ci ba, sannan ya ci, sannan ya nemi ƙari, yana cewa ramuwa yake yi wa Kumandan.

Moton kuwa a zauren Gambo take kwana, daidai wurin da ya share mata. Kowace safiya shi yake buɗe ƙofa ya riƙe labule, Kaltume ta tayar ta fita ɗaukar Gwaggo, shi kuma ya aza tiren fanke a ka ya nufi ƙofar lakkwal, tunda babu akwati kuma mai fanken tana wurin aiki. In ya wuce ta fada sai su tambaye shi labarin teku. Ƙusar tana nan a bango har yau, ba abin da aka taɓa ratayawa a kanta. Makullin yana ɗaure a bakin zanen Kaltume.